Edita, a riƙa yi wa masu allurar insulin bayanin daskarewar jini

Assalamu alaikum Edita, ranka ya daɗe, ina gaisuwa gareka da sauran ma'aikatanka.

Na daɗe ina bibiyar shafin lafiya, kuma abinda na lura dashi shine duk sanda maganar ciwon suga ta taso, musamman in 14 ga Nuwamba ta kewayo ana ranar ciwon suga ta duniya, zancen baya wuce abu biyu, me za a ci me za a bari, sai kuma lambar da na'ura ta nuna da safe. Ba laifi bane, ana buƙatar hakan. Amma akwai ɓangaren da ake tsallakewa, kuma shi ne yake cin ƙafa, yake cin ƙoda, yake kwantar da mutum da bugun zuciya tun bai kai arba'in ba. Ina nufin abinda suga yake yiwa jijiyoyin jini da yadda yake rikita tsarin daskarewar jini. Ni ba likita bane, a ɗakin gwajin jini nake aiki, amma abin yana damuna sosai shi yasa na ce bari in rubuto, ko Allah zai sa wani uba ko wata uwa su karanta su amfana.

Waɗanda nake magana a kansu sune masu ciwon suga nau'i na ɗaya, waɗanda rayuwarsu gaba ɗaya ta dogara da allurar insulin. Galibi tun suna yara ko samari yake kamasu, garkuwar jikinsu ce da kanta take lalata ƙwayoyin da suke samar da insulin a cikin fankiriyas, wata gaɓa da take bayan tumbi, ba ƙiba bace ta jawo musu ba kuma ba sakacin iyaye bane. Kafin 1922 yaron da ya kamu da wannan ciwo ba ya daɗewa a duniya. A 1921 ne Banting da Best suka fitar da insulin a Toronto ta ƙasar Kanada, a Janairun 1922 aka fara yiwa wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Leonard Thompson, ya tashi. Toh daga nan ne kuma likitoci suka fara ganin wani abu da da can basu gani ba sabida marasa lafiyan basa kaiwa, yaran sun rayu sun girma, amma bayan shekara goma sha biyar ko ashirin sai ga makanta, ga ciwon ƙoda, ga ƙafa tana ruɓewa, ga zuciya. In ka bi diddigin waɗannan duka zaka tarar hanya ɗaya suka biyo, jijiyar jini ce ta lalace.

Dole in ɗan tsaya a kan yadda jini yake daskarewa, dan in ba a gane wannan ba sauran bayanin bazai shiga ba. In ka yanke, abu na farko jijiyar tana tsukewa. Sai wasu ƙananan ƙwayoyi da ɓargo yake samarwa, filatilet, su garzayo su manne a bakin raunin suna kiran 'yan uwansu. A jikin mai lafiya akwai tsakanin 150,000 zuwa 450,000 daga cikinsu a kowace maikurolita ɗaya ta jini, wato abinda bai kai ko ɗigo ɗaya ba, kuma kowace ba ta wuce kwana 7 zuwa 10 a raye. Toshewar da suke yi bata da ƙwari, dan haka sai wasu sinadarai da mafi yawansu hanta ce take haɗawa su fara tada juna, wannan ya tada wannan, wannan ya tada na gaba, har a samu torombin. Torombin ne yake juya wani furotin da yake narke a cikin jini, fibirinojin, ya koma zare-zare da ake kira fibirin, zaren ya saƙu ya kama jajayen ƙwayoyin jini, shine gudan jinin da kake gani a kan rauni.

Abinda mutane basu cika sani ba shine jiki yana da burki, kuma burkin ne ya fi bani mamaki a duk karatun nan. Dan da ace totur ne kawai babu burki, da ƙaramin yanka a yatsa zai sa jinin jiki duka ya daskare. Shimfiɗar da take cikin kowace jijiya, siririya ce ƙwarai, kaurinta ƙwaya ɗaya tal, amma ba a kwance kawai take ba, kullum cikin aiki take. Tana fitar da iskar naitirik oksayid da wani sinadari furostasaikilin, su biyun suna buɗe jijiya suna kuma hana filatilet mannewa inda babu rauni. A samanta akwai wani lulluɓi mai santsi da yake ƙarawa antitorombin ƙarfi, shi kuma antitorombin aikinsa ya kama torombin ya kashe masa kaifi. Sannan akwai torombomodulin, wanda in torombin ya zo ya manne masa sai halinsa ya canja gaba ɗaya, maimakon ya ci gaba da daskarar da jini sai ya tada furotin C, furotin C kuma da taimakon furotin S ya je ya karya biyu daga cikin sinadaran da suke rura daskarewar. Wato abinda ya kunna wutar shi ake juyawa ya kirawo masu kashe ta, ikon Allah kenan. In kuma rauni ya warke akwai filasmin da yake bi yana narkar da zaren fibirin dan hanya ta buɗe.

Yanzu ka ɗauko jinin da suga ya yi shekaru yana hawa a cikinsa. Suga yana da ɗabi'ar mannewa a jikin furotin, in ya daɗe da yawa sai ya manne ɗin ya ƙi sakuwa. Wannan shine ma tushen gwajin HbA1c, ana auna yawan sugan da ya manne a jikin himogulobin, furotin ɗin da yake cikin jajayen ƙwayoyin jini, kuma tunda jar ƙwayar jini tana yin wajen kwana 120 sai gwajin ya nuna yadda aka kasance a wata biyu zuwa uku da suka wuce. Toh abinda ya samu himogulobin shi yake samun fibirinojin. In suga ya manne masa, gudan jinin da zai haɗa sai ya zama mai cunkushewa, ramukansa ƙanana, filasmin ya sha wuya kafin ya narkar dashi. Ita kuma shimfiɗar jijiya suga yana gajiyar da ita, naitirik oksayid ɗin da take fitarwa ya ragu, lulluɓin samanta ya sirance, ta fara sakin abubuwan da suke jawo filatilet. Su kansu filatilet ɗin sai su zama masu saurin tashi, abu kaɗan sun dunƙule. Insulin ma a karan kansa yana daga cikin masu kwantar musu da hankali, kaga in babu shi yadda ya kamata an ƙara rasa wani mai tsawatarwa. Totur ya ƙaru, burki ya yi sanyi, mai share hanya ya rage ƙarfi, duk a lokaci guda, kuma mutum baya jin komai a jikinsa, wannan rashin jin shine abinda yafi tayar min da hankali.

A manyan jijiyoyi, na zuciya da na ƙwaƙwalwa da na ƙafa, kitse yana taruwa a bango shekara da shekaru, ranar da wurin ya tsage sai gudan jini ya hau kai ya rufe hanyar cikin mintuna. In a zuciya ne bugun zuciya kenan, in a ƙwaƙwalwa ne shanyewar ɓarin jiki. A ƙafa kuma jini ne yake raguwa sannu a hankali, ga jijiyoyin ji sun mutu mutum baya jin ya taka wani abu, ɗan ƙaramin rauni ya zama gyambo ya ƙi warkewa dan jinin da zai kawo masa iska da magani baya isowa. Wani bincike da aka yi a Siwidin aka wallafa a 2014, kan mutum sama da 33,000 masu nau'i na ɗaya, ya nuna hatta waɗanda HbA1c ɗinsu yake 6.9 ko ƙasa da haka haɗarin mutuwarsu ya kai ninki biyu na sauran jama'a, kuma haɗarin yana ta hauhawa yadda lambar take hawa. Ban kawo wannan dan in karya wa kowa gwiwa ba wallahi, na kawo ne dan a gane suga kaɗai ba shine duka labarin ba, hawan jini da kitsen jini da taba sigari duk suna cikin lissafi.

Ƙoda kuma labarinta ya fi ɗaure kai. Matatar ƙoda dunƙulen ƙananan jijiyoyi ne, in suka lalace sai furotin ya fara zurarewa cikin fitsari, da farko kaɗan ne wanda sai gwaji na musamman yake kamawa, daga baya ya yawaita. In zubar ta yi yawa sosai har antitorombin ɗin nan da na ambata yana bin fitsari ya fita, hanta kuma a ƙoƙarinta na cike giɓi sai ta ƙara samar da fibirinojin, sai ciwon ƙodar da lalacewar jijiya ta haifar ya dawo yana ƙara haɗarin gudan jini. Akwai ma aikin da masu bincike a Jamus suka wallafa a 2007 inda suka nuna a jikin ɓeraye masu ciwon suga cewa raguwar torombomodulin da furotin C mai aiki yana da hannu a mutuwar ƙwayoyin matatar ƙoda, kuma da aka ƙara musu furotin C mai aikin ƙodar ta samu kariya. A ɓera ne, ba magani bane da ake bawa mutane, amma ya nuna furotin C ba hana daskarewa kawai yake yi ba, yana kare ƙwayoyin jijiyar ma.

Ido shine inda abin yake zuwa ta fuska biyu. Ƙananan jijiyoyin tantanin bayan ido suna toshewa, wurin ya rasa iska, sai ido ya fara tsiro da sababbin jijiyoyi dan ya ceci kansa, su kuma sababbin basu da ƙwari sai su fashe jini ya zuba cikin idon. Mutum ɗaya, ga toshewa ga zubar jini. Duk mai cewa matsalar kawai jini ne ya yi kauri a tsinka shi a huta, ya dubi wannan.

Akwai lokuta biyu da haɗarin yake tashi farat ɗaya, kuma iyaye ya kamata su sansu. Na farko in insulin ya yanke, ko allura ta ƙare ko ta lalace ko an daina yi dan yaro yana zazzaɓi baya cin abinci. Jiki sai ya koma ƙona kitse, sinadarin kiton ya taru jini ya yi tsami, ga fitsari ba ƙaƙƙautawa ga amai, ruwan jiki ya ƙafe, jini ya yi kauri na gaske yana tafiya a hankali. An jingina wa likitan Jamus na ƙarni na 19 Rudolf Virchow sharuɗɗa uku na samuwar gudan jini a jijiya, tafiyar jini ta yi sanyi, bangon jijiya ya samu rauni, jinin kansa ya karkata ga daskarewa, kuma a wannan hali ukun suna iya haɗuwa a jikin yaro ƙarami. Dan Allah kar a dakatar da insulin dan mara lafiya baya cin abinci, a tuntuɓi likita ya faɗi yadda za a daidaita, in kuma ana amai ana numfashi da ƙarfi ana ciwon ciki to asibiti kai tsaye. Na biyun kuma shine faɗuwar suga ƙasa sosai. Mutane suna ɗauka wannan da an sha abu mai zaƙi an farfaɗo shikenan ya wuce, amma a lokacin jiki yana sakin adirenalin, zuciya tana gudu, filatilet suna tashi, kuma ga wanda jijiyoyin zuciyarsa dama sun ƙuntata wannan ba ƙaramin abu bane.

Toh meye mafita? Amsar da tafi ƙarfi ta fito ne daga binciken DCCT da aka yi a Amurka da Kanada daga 1983 zuwa 1993, da mutum 1,441 masu nau'i na ɗaya 'yan shekara 13 zuwa 39. Aka rabasu biyu, wasu allura ɗaya ko biyu a rana yadda aka saba a lokacin, wasu kuma allura uku ko fiye ko famfon insulin tare da yawan gwaji. Rukunin farko HbA1c ɗinsu ya tsaya wajen 9, na biyu wajen 7. A cikin waɗanda basu fara ciwon ido ba haɗarin kamuwa ya ragu da kashi 76 cikin 100, lalacewar jijiyoyin ji ta ragu da kashi 60, fara zubar furotin a fitsari da kashi 39. Da aka ci gaba da bibiyarsu sai a 2005 aka ga bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta dalilin zuciya sun ragu da kashi 57 cikin 100 a rukuni na biyu, duk da cewa bayan an gama binciken lambobin rukunan biyu sun zo sun kusanci juna. Wato jijiya bata manta shekarun farko, kulawar da aka yi tun ana yaro tana biyan mutum bayan shekara ashirin, sakacin da aka yi ma haka. Sai dai gaskiya ɗaya ce, waɗanda aka matsa wa sun fi samun faɗuwar suga mai tsanani har kusan ninki uku, shi yasa lambar da za a nufa likita ne zai tsara wa kowa gwargwadon halinsa, ba a kwafa daga wani.

Yanzu bari in zo kan abinda ya fi tunzura ni na ɗauki alƙalami, asfirin. Da mutum ya ji ance ciwon suga yana jawo gudan jini sai wani ya bashi shawara ya riƙa shan ƙaramin asfirin kullum, kuma ya fara ba tare da kowa ya dubashi ba. Asfirin yana hana filatilet mannewa, kuma duk ƙwayar da ya taɓa ta gama aiki kenan har ta mutu, shi yasa tasirinsa yake kai kwanaki bayan an daina sha. Ga wanda ya taɓa samun bugun zuciya ko toshewar jijiyar ƙwaƙwalwa amfaninsa a fili yake, kuma in likita ya ɗora shi a kai kar ya kuskura ya ajiye da kansa. Amma ga wanda bai taɓa samu ba lissafin daban ne. A binciken ASCEND da aka yi a Birtaniya aka wallafa a 2018, mutum 15,480 masu ciwon suga da basu da tarihin ciwon zuciya, mafi yawansu nau'i na biyu ne, masu shan asfirin miligiram 100 sun samu raguwar manyan matsalolin jijiya daga kashi 9.6 zuwa 8.5 cikin 100, amma zubar jini mai tsanani ta ƙaru daga 3.2 zuwa 4.1, yawanci a ciki da hanji. Abinda aka samu ta nan kusan ya fita ta can. Ga mai olsa abin ya fi muni, yara da samari kuma ba a basu asfirin haka kawai musamman in suna zazzaɓin mura, sabida wata cuta da take taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Su wafarin da hefarin kuwa, magungunan hana daskarewar jini, ba a ma maganar taɓasu sai da likita da gwaji. Haka masu haɗa asfirin da su ibufurofen ko dikilofenak dan ciwon jiki, suna ƙara wa ciki haɗarin zubar jini suna kuma ƙara wa ƙodar da dama take fama nauyi.

Wani abu kuma daga ɓangarenmu na gwaji. Mutum zai zo ya ce a duba masa ko jininsa yana daskarewa da yawa, a yi masa PT da INR su fito daidai, ya tafi da murna ya ce ai lafiya lau. Waɗannan gwaje-gwajen an yi su ne dan gano mai saurin zubar jini da kuma bibiyar mai shan wafarin, basa nuna halin da shimfiɗar jijiya take ciki, basa nuna ko filatilet sun yi zafi. Gwajin da zai gaya maka gaskiya sune HbA1c, da furotin na fitsari da aikin ƙoda duk shekara, da kitsen jini, da awon hawan jini, da duba bayan ido wanda ake so a fara in ciwon ya kai shekara biyar sannan a riƙa maimaitawa, da kuma cire takalmi a duba ƙafa a taɓa bugun jijiyarta. Mai sikila ko ƙarancin jini ya sanar da likita, dan HbA1c yana iya bada lambar da ba daidai ba a jikinsa. Mata kuma masu nau'i na ɗaya da ciwon ya riga ya taɓa musu ido ko ƙoda, su faɗa kafin a basu ƙwayar tazarar haihuwa mai isturojin, dan ita ma tana ƙara haɗarin gudan jini kuma akwai wasu hanyoyin da suka fi dacewa dasu.

Alamomin da ba a jira dasu gari ya waye: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ɗaya ya saki, magana ta sarƙe. A gwada suga nan take in akwai na'ura dan faɗuwar suga tana iya kama da haka, amma in ba ita bace a tafi asibiti a guje, maganin narkar da gudan jini na ƙwaƙwalwa ana bada shi ne cikin awa 4 da rabi da farawar alamun, kuma kar a ɗura wa mutum asfirin a gida tunda sai an yi hoto ake sanin toshewa ce ko fashewar jijiya. Nauyi a ƙirji, ko haki da zufa da kasala ba dalili, shima a tafi, dan wanda suga ya kashe wa jijiyoyin ji yana iya samun bugun zuciya ba tare da ciwon ƙirji ba. Ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi zafi, ko ta yi sanyi ƙalau ta canja launi tana zogi, kar a tsaya murzawa ana gasawa.

Roƙona gareka Edita, ka samo likitan suga da likitan jini su zauna da wakilinka a yi wannan bayani kashi-kashi a shafin lafiya, da zane na jijiya yadda yaro ɗan sakandare zai gane, a kuma bada dama iyaye su turo tambayoyinsu a amsa musu. A taɓo maganar ajiyar insulin ma, dan allurar da zafi ya lalata tana cikin abubuwan da suke sa suga ya ƙi sauka alhali mutum yana yin allurarsa kullum a kan lokaci. Su ma abokan aikina na asibiti ina roƙonsu, in mun miƙa wa mara lafiya takardar sakamako mu daure mu ɗauki minti biyu mu gaya masa me lambar take nufi da kuma wane gwajin ya rage masa a shekarar.

Allah ya bawa marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙarawa iyayen da suke tashi cikin dare suna gwada yaransu haƙuri da lada. Na gode da bani fili.

Wassalam,
Wani ma'aikacin ɗakin gwajin jini.